Mushen Ilimin Halittu: Sana'ar Da Ake Shiga Ta Ƙofar Baya



Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bakaloreya ya fito a cikin damina, sai wata tsohuwar muhawara ta tashi a zaurukan Maraɗi da Damagaram da Tawa, da kuma ofisoshin Yamai. Yaro ko yarinya sun samu Bak D, wato reshen lissafi da ilimin halittu, uba ya yi murna, an raba goro, sa'an nan a zauna a tambayi juna: to, sai ina? Amsar farko ɗaya ce a bakin kowa, karatun likita. In likita bai samu ba, haɗa magunguna. In wannan ma ya faskara, aikin gona. Sai an ƙare lissafi kaf, ƙofofi duk sun rufe, kana wani kawu zai yi gyaran murya ya ce, to ai sai ya tafi sashen kimiyya ya karanta ilimin halittu, in ya gama ko aikin mushe ya samu. Ana faɗin haka ne da irin muryar da ake yin ta'aziyya.

A wannan mako ina so in tsaya wa wannan yaro, in kuma tsaya wa wanda ya fi shi ƙarfin hali, wato wanda tun farko ya ce shi ilimin halittu zai karanta domin ya koyar da shi, ba don wata ƙofa ta rufe masa ba. Irinsu ba su da yawa, amma akwai su, kuma sau da yawa iyayensu ne, ƴan kasuwa da ma'aikata masu karanta wannan shafi, suke fara sanyaya musu gwiwa.

Ba na ganin laifin uban da ya ɓata fuska, domin kuwa ba a banza ya ɓata ta ba. Wanda ya girma zamanin Diori ko na Kunce ya san lokacin da mushe yake da kujera a gaban kowane taro, ana kai masa gaisuwa, ana ba shi aure ba tare da dogon bincike ba. Wannan uban kuma da idonsa ya ga yadda abin ya zube. Ya ga ranar 9 ga watan Fabrairu 1990, da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai. Ya ga shekarun da aka soke karatu ɗungurungum, ya ga ma'aikata suna bin gwamnati albashin watanni, ya ga watan Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, albashi bai motsa ba, farashin kaya ya tashi. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma aka shiga ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda suka koma ƴan kwantaragi, har suka zo suka rinjayi cikakkun ma'aikata yawa a makarantun firamare, da ɗan abin da ake ba su wanda shi ma sai an yi yajin aiki yake fitowa. Ɗan kasuwar da ya ga mushe yana cin bashin shinkafa a kantinsa, ba ka ce masa ya yi murna ɗansa zai zama mushe ba. Wannan gaskiya ce, ba kuwa zan rufe ta ba.

To amma fa akwai wata gaskiyar, ita ce wadda ba a faɗi a zaure.

Bari mu fara da wake, tunda da ƴan kasuwa nake magana. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa noman wake a duniya, kuma mai yawa daga cikinsa Najeriya yake tafiya. Duk wanda ya taɓa ajiye wake daga kaka zuwa bazara ya san ƙwaron da yake huda shi ya mai da shi gari. Shekara da shekaru magani ake zubawa, wani lokaci irin wanda bai kamata ya kusanci abinci ba. Daga shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi kuma suka yi ta gwada shi a wurinmu. Babu ko ɗigon magani a cikinsa. Leda biyu ce masu kauri da buhu ɗaya a waje. Ƙwaro yana numfashi kamar kowane mai rai; in aka ɗaure bakin leda sosai, sai ya cinye ƴar iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, jikinsa ya bushe ya mutu. Ke nan duk sirrin buhun darasi ɗaya ne na numfashin halittu, wanda ake koyarwa a kolej. Wanda ya fahimci darasin ba zai cika buhu ya bar leda da huda ba, ba zai riƙa buɗewa kowane mako yana leƙawa ba. Wanda bai fahimta ba zai yi duka biyun, wake ya lalace, ya ce buhun ƙarya ne.

Haka zancen murzuna, tsutsar nan da take bin zangarniyar hatsi tana ci. Masu bincike a Maraɗi, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, sun nuna cewa akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro da yake harbin tsutsar ya sandarar da ita, ya saka ƙwansa a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Ana kiwonsa, a sa shi cikin ƙananan buhunan algarara a kai ƙauyuka, ya fita ya bazu cikin gonaki. Amma manomin da bai san akwai ƙwaro abokinsa ba, in ya samu maganin feshi zai kashe maƙiyi da masoyi gaba ɗaya. Wane ne zai gaya wa ɗansa wannan? Mai bincike yana zuwa ƙauye sau ɗaya ko sau biyu a shekara, a mota, ya koma. Mushe kuwa yana nan wata tara, da yara sittin ko tamanin a gabansa.

Ta fannin lafiya ma haka ne. A farkon shekarun 1990 an ƙidaya masu kurkunu fiye da dubu 30 a ƙasar nan, jahar Damagaram tana cikin inda abin ya fi tsanani. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da shi. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar sha. Abin da ya kashe shi sani ne: mutane suka gane cewa tsutsar tana shiga ne ta cikin wani ɗan ƙwaron ruwa da ido da ƙyar yake gani, suka riƙa tace ruwan tabki da ƙyalle, suka hana mai ciwon tsoma ƙafa a inda ake ɗiba. Tsargiya kuwa, fitsarin jinin nan da har yanzu wasu ke ɗauka alamar balaga ce ga yaro, tana nan a gefen tabkuna da fadamun noman rani, kuma hanyarta ta cikin katantanwar ruwa ce. Sai cutar amosanin jini, wadda muke kira emasi. Lissafinta shi ne lissafin da Mendel ya gano da ƴaƴan wake irin na Turai a shekarun 1860, wanda kowane ɗan tarminal D yake zanawa a allo: in miji da mata duka suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. A ƙasar da auren zumunci ya yi yawa kamar tamu, yarinyar da ta fahimci wannan zane za ta nemi a yi gwajin jini kafin a sa rana. Likita yana ganin mutum ne bayan ciwo ya kama shi. Mushen ilimin halittu yana ganin sa yana ɗan shekara goma sha uku, lafiya lau. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba; ku lissafa da kanku wanne daga cikin biyun ya fi yawan masu saurare.

Yanzu ga hanyar kanta, domin uban da zai biya kuɗi ya kamata ya san abin da yake saye. Jami'ar Yamai ta soma a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992. Tun shekarar 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu nasu jami'o'in, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, saboda haka ɗan Tasawa ko ɗan Magarya ba lalle ne sai ya ƙetare gulbin Kwara kafin ya karanta kimiyya ba. Karatun lisansi shekara uku ne a takarda. Na ce a takarda, domin yajin aiki da cunkoso sukan ja shekarar karatu ta shiga cikin wata, kuɗin tallafin ɗalibai kuma ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. Uban da ya yi tanadin shekara uku cif, gara ya ƙara wani abu a gefe.

Abin da yake fara ba yaro mamaki shi ne shekarar farko ba ta tsuntsaye da furanni ba ce. Lissafi ne, da fizik, da shimi mai yawa, sa'an nan ilimin ƙwayar halitta. Da yawa sun gudu daga Bak C don tsoron lissafi, sai su tarar da shi yana jiran su a bakin ƙofa. Nan ne ake zubar da mafi yawan ɗalibai. Wanda ya haye sai ya shiga ilimin tsirrai da na dabbobi, da aikin gaɓoɓin jiki, da gadon halitta, da dangantakar masu rai da muhallinsu. Akwai kuma ilimin duwatsu da ƙasa, wanda masu son likita suke rainawa, alhali kuwa mai shirin koyarwa ba shi da ikon raina shi, tunda darasin da zai riƙe a kolej da lise, wanda da ake kira siyans natirel yanzu kuma SVT, rabinsa rai ne rabinsa ƙasa. Mu kuwa a wannan fanni ba baƙi ba ne: a Gadufawa, cikin jahar Agadas, aka tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe shekaru miliyoyi, har ɗaya daga cikinsu aka raɗa masa sunan ƙasar nan, Nigersaurus, a 1999. Ɗalibin da ya yi shekara uku a Yamai bai taka gidan tarihi na Bubu Hama ya ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa ba, ya cuci ɗaliban da zai koyar.

A nan ne nake da magana da ɗaliban kansu, kuma ita ce zuciyar abin da nake son faɗi. Akwai hanya biyu ta karanta ilimin halittu. Ta farko ita ce a haddace takardun da malami ya raba, a zuba su ranar jarrabawa, a samu maki goma, a manta. Mai wannan hanya zai fito da lisansi, ya iya zana ƙwayar halitta da duk sunayen sassanta da Faransanci, amma in ka kai shi gonar ubansa ka nuna masa ƙuduji ka ce me ya sa hatsi yake ƙanƙancewa tun ciyawar ba ta fito ba, sai ya yi shiru. Alhali amsar tana cikin takardunsa: irin ƙuduji yana kwana cikin ƙasa fiye da shekara goma, ba ya tsira sai ya ji wani ruwa da saiwar hatsi take fitarwa, sa'an nan ya manne mata yana tsotsa tun yana ƙarƙashin ƙasa. Ya karanta wannan, sai dai bai taɓa haɗa sunan Latin da ciyawar da ya sha cirewa da hannunsa yana yaro ba.

Hanya ta biyu ita ce duk abin da aka koya maka a aji ka fita ka nemo shi a daji da kasuwa da mahauta. Ɗauki gawo. Littattafan da aka rubuta a Turai za su ce maka itace yana zubar da ganye lokacin sanyi ya yi sabo lokacin ɗumi da ruwa. Gawo kuwa akasin haka yake yi: da damina yake tsiraita, da rani yake yin ganye, shi ya sa ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyensa da kashin dabbobin da suke hutawa a gindinsa suna zama taki, saiwarsa kuma, da yake dangin wake ne, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Manoman Matamai da Magarya sun san amfaninsa tun kafin a gina jami'a, har ana ba da labarin sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. Sassaben zamani da aka soma a jahar Maraɗi a shekarun 1980, inda manomi yake barin tohon kututture ya girma maimakon ya ƙone shi, masu bincike sun ƙiyasta ya maido da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5. Wannan duk ilimin halittu ne, a ƙofar gida. Ɗalibin Maraɗi yana da tashar bincike ta Tarna kusa da shi, na Yamai yana da Sadore da cibiyar AGRHYMET. Mai niyyar koyarwa ya nemi zuwa can lokacin hutu ko da ba a biyan sa ko dala, ya kuma fara tara busassun ganyaye a tsakanin tsofaffin jaridu tun shekararsa ta farko, kowanne da sunansa na Latin da na Hausa, da na Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak in ya samu. Sunayen nan ba a anfi ake samun su ba, wurin makiyaya da masu sayar da sassaƙe ake samu.

Maganar suna ta kawo mu ga harshe. Yaron da yake shigowa siziyam daga ƙauye, Faransancinsa sau da yawa bai kai ya ɗauki bayanin yadda ganye yake haɗa abinci da hasken rana ba. Kada mu manta, a jarrabawar da aka yi wa malaman firamare ƴan kwantaragi a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu makin da ake bukata, kuma daga hannunsu yaran suke fitowa. Mushen da ba zai iya juya bayaninsa da harshen da yaro yake mafarki da shi ba, haddar aku kawai zai samu. Wannan ba sabon zance ba ne. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, masanin fizik da hasken rana, ya yi shi a littafinsa kan ilimi a Afirka tun 1964, an kuma buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. A watan Maris 2025 dokar sake gina ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma doka ba ta ƙirƙiro kalma. Sai wani ya zauna ya yanke yadda za a ce ƙwayar halitta, da ƙwayar gado, da garkuwar jiki, ya gwada a gaban yara ya ga wadda ta zauna. Wannan aiki masu lisansin ilimin halittu ne za su yi shi, ko kuwa a bar wa waɗanda suka iya Hausa ba su san kimiyya ba. Af, kafin in wuce: shi Abdou Moumouni da jami'a take ɗauke da sunansa, da alli ya fara, a lise-lisen Dakar da Konakiri da Yamai. Kawun nan mai muryar ta'aziyya ya riƙe wannan.

Sanin abu daban, iya koyar da shi daban. Da yawa daga masu lisansi ta hanyar hidimar ƙasa ta shekara biyu, wato sarwis sibik, ko ta kwantaragi suke faɗawa aji, ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake shirya darasi ko yadda ake riƙe yara tamanin da rana tsaka. Sai su koyar kamar yadda aka koyar da su a anfi, su yi ta shifta yara suna rubutu. Saboda haka ne aka yi babbar makarantar horon malamai, ENS, a jami'ar Yamai, mai ba da takardar koyarwa a kolej da kuma CAPES ta koyarwa a lise. Yaron da ya ce koyarwa yake so, uba ya tambaye shi ko ENS tana cikin lissafinsa. In ya ce a'a, to ba koyarwa yake so ba, wurin fakewa yake nema kafin wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi aiki, kuma yara za su gane haka tun makon farko.

Ga ɗiya mata kuwa bukatar ta fi tsanani. Darasin haihuwa da balaga da jinin al'ada yana cikin manhaja, kuma kowa ya san yadda yake kasancewa in saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ne yake yin sa a gaban ƴan mata: ya yi sauri ya wuce, su sunkuyar da kai, ba mai tambaya. Uban da yake jin nauyin a yi wa ɗiyarsa wannan darasi, maganin abin a hannunsa yake, ya bar yayarta ta karanta fannin ta dawo ta koyar.

Saura zancen kayan aiki. Kolej da yawa, musamman na karkara, ba su da ɗakin gwaje-gwaje, wasu ma azuzuwan na zana ne. Mushen kirki ba ya zama jiran sa. Zuciyar rago daga mahauci tana nuna ɗakunan nan huɗu fiye da kowane zane. Wake a cikin gwangwani da jiƙaƙƙen tsumma yana nuna tsiro cikin kwana uku. Yis ɗin masu burodi da sukari a kwalba, da balan-balan a bakinta, suna nuna numfashin abin da ido ba ya gani. Abu ɗaya ne ba a ƙera shi da gwangwani, shi ne madubin ƙara girma, mikroskop. Da shi ne yaro zai ga ƙwayoyin halitta jere kamar tubali a fatar albasar Galmi, ya ga abin da yake iyo a ɗigo ɗaya na ruwan tabkin da yake wanka a ciki, daga ranar kuma ba sai an roƙe shi ya tace ruwa ba. Irin na makaranta, mai amfani da hasken rana ba sai da lantarki ba, bai kai rabin kuɗin babur ba. Alhazanmu da suke zuwa Dubai da Sin sayen kaya suna iya sa guda biyu a cikin kwantena ba su ji nauyinsa ba. Sai dai a danƙa shi hannun mushen da ƙungiyar iyayen yara a rubuce, da sharaɗin kowane aji zai leƙa, domin an sha ganin irinsa ya shekara biyar a kulle cikin kabad ɗin darekta don tsoron kada ya lalace.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.